Darasi Domin Dattawan Ekklesiya: A Duba Tukuna, Kāna a Gyara

Karatu: Nehemiya 2:11-18, Littafin Firistoci 14:33-45.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, darasinmu na wannan wata a kan ɗakin sujada ne. A ƙasar Bichi da Ɗambatta da Tsanyawa da Kunchi gona tana manne da gona, daji ya ƙare, itacen gini ya yi tsada. Kuɗin masu bi kuwa ba ya zuwa sai da kaka, sa'ad da an sayar da gyaɗa da wake da ɗan rarar gero. Saboda haka idan jama'a ta ƙaru ba safai a kan rushe tsohon ɗakin a ta da sabo ba. A kan ƙara masa tsawo, ko a ɗauke rufin ƙasa a sa kwano, ko a shafe bangon da siminti. Dukan waɗannan ayyuka suna da kyau, amma suna iya zama sanadin hasara da mutuwa idan ba a san halin da tsohon ginin ya ke ciki ba.

1. Abin da Nehemiya ya fara yi

Nehemiya mai ba sarkin Farisa abin sha ne. Ya zo Urushalima wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, da takardun sarki a hannunsa da iznin saran itace. Duk da haka bai tara mutane ran da ya sauka ba. Ya yi kwana 3, kāna ya tashi da dare da mutane kima, ya fita ta Ƙofar Kwari, ya bi gindin garu yana duban inda ya zube da ƙofofin da wuta ta cinye. Har ya kai wurin da dabbar da ya hau ba ta sami hanyar wucewa ba saboda tarin kufai. Sai da ya gani da idonsa ya kira shugabanni ya yi musu magana.

Ku duba sura 3 kuma. An rubuta sunan kowace ƙofa, da wanda ya gyara ta, da inda rabon kowa ya fara da inda ya tsaya, har da awon wani sashi da kamu. Aikin ya ƙare cikin kwana 52. Addu'a ce ta sa shi a hanya, amma addu'a ba ta hana shi yawon dubawa ba.

A Littafin Firistoci kuma akwai ka'idar gidan da tabo ya fito a bangonsa. Maigida ya kan faɗa wa firist, a fitar da kaya, firist ya duba, ya rufe gidan kwana 7, ya komo ya ga ko tabon ya yaɗu. Idan ya yaɗu a cire duwatsun, a kankare, a yi sabon yaɓe. Idan ya sake fitowa a rushe gidan. Abin lura a nan shi ne duba sau ɗaya bai isa ba. Sai an duba sau biyu a ke sanin ko ɓarna tana tsaye ko tana tafiya.

2. Abin da ya faru a zamaninmu

Ran 12 ga Satumba, 1914 ba ta kai ga kowa cikinmu ba, amma ran 12 ga Satumba, 2014 da yawanmu muna da rai. A ranar nan gidan baƙi na wata babbar majami'a a Ikotun, cikin Legas, ya rushe, mutum 116 suka mutu, yawancinsu baƙi daga Afirka ta Kudu. Ana cikin ɗora wa ginin ƙarin benaye ne. Mai shari'ar da ya bincika ya ce a 2015 ginin ne ya kasa ɗaukar nauyinsa, kuma ba a sami iznin hukuma ba kafin a yi shi.

Ran 11 ga Agusta, 2023, wani sashi na babban masallacin Zariya ya faɗo wa maƙwabtanmu Musulmi suna cikin sallar la'asar, mutum 7 ko fiye suka rasu. Masallacin nan aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, ya tsaya tun wajen shekarun 1830. Sarkin Zazzau ya ce an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana shirin kiran injiniyoyi. Idan ginin gwani irin wannan ya tsufa har ya faɗi, ina ga ɗakin da muka gina da gayya cikin rani ɗaya?

Akwai kuma misali mai daɗin ji. Wani masanin gini mutumin ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru tun daga 1958 yana yawo cikin Nijeriya tare da samarin ƙasar, suna auna tsofaffin gine-gine suna zana su a takarda. Da irin wannan awo aka gina kwatancin masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Shi ya rasu a 1982, amma awon yana nan. Abin da aka auna aka rubuta ba ya ɓacewa tare da mai aunawa.

3. Yadda za a duba ɗakin sujada

Ekklesiya ta zaɓi mutum 3 ko 4: dattijo wanda ya ga ginin tun farkonsa, magini, mai iya rubutu, da mace ɗaya daga zumuntar mata, gama masu shara su ne su ke fara ganin ƙasar da ke zubowa daga rufi. A nemi littafi sabo, da fensir, da tef na awo, da igiya mai dutse a ɗaure a bakinta, da ƙusa doguwa, da waya mai ɗaukar hoto.

Da fari a rubuta tarihin ginin. Wace shekara aka gina shi? Da tubali ne ko da bulo? Zurfin harsashinsa nawa? Daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasar? Yaushe aka fasa bango aka sa taga? Tsofaffi sun san waɗannan abubuwa, amma ba za su zauna tare da mu har abada ba.

Na biyu, a zana ɗakin kamar yadda tsuntsu zai gan shi daga sama. A auna tsawo da faɗi da tsayi, da kaurin bango a gindi da a sama, da gurbin kowace ƙofa da taga. A nuna gabas a takardar, a ba kowane bango sunansa.

Na uku, a kewaya waje a dubi gindin bango. Ginin ƙasa daga gindi ya ke fara mutuwa, inda ruwan indararo ko na bakin kwano ke faɗowa ya fantsama. A dubi bangon gabas da kyau, gama daga can hadari ya ke taso mana. A rubuta nisan kududdufi, da masai, da itacen darbejiya daga bangon. Mutum ɗaya kuma ya daure ya zo ran da a ke ruwa da ƙarfi, ya ga inda ruwa ya ke bi da inda ya ke kwanciya.

Na huɗu, a saki igiyar nan mai dutse daga saman bango a kowace kusurwa da tsakiya, ciki da waje. Bangon ƙasa mai lafiya gindinsa ya fi samansa kauri. Idan sama ta leƙo waje ta wuce gindi, bangon yana karkacewa ne, a auna yawan karkacewar a rubuta.

Na biyar, a bi kowace tsaga. Akwai ta yaɓe kaɗai, wadda ba ta shiga ciki ba. Akwai wadda ta ratsa bango har ana ganinta ciki da waje. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa sau da yawa alama ce harsashi ya nutse ta gefe ɗaya. Wadda ta miƙe a kusurwar ɗaki tana nuna bango biyu suna rabuwa. A ja layi da fensir a inda kowace tsaga ta ƙare, a rubuta faɗinta da kwanan wata a gefenta, a komo bayan mako ɗaya, a komo kuma bayan wata ɗaya.

Na shida, a ƙwanƙwasa bangon da aka shafa wa siminti. Inda ya yi ƙara kamar ganga, simintin ya rabu da ƙasa. Siminti ba ya barin laima ta fita kamar yadda makuba ko laso su ke bari, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye, gara kuma ta sami hanya, alhali daga waje bango yana sheƙi.

Na bakwai, a hau a dubi rufi. A soki kowane itace da ƙusa, musamman inda kansa ya shiga bango. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, amma kanta ya kan ruɓe idan rufi yana yoyo, kuma magina sun sani ba ta ƙetare fili fiye da wajen ƙafa 6 sai an tallafe ta. Idan rufin ƙasa ne, a tambaya sau nawa aka ƙara masa ƙasa, gama kowane ƙari nauyi ne. Idan na kwano ne, a duba abin da ya ɗaure katako da bango. Kwano ba shi da nauyi, iskar farkon damina ta kan ɗauke shi ɗungum.

A ɗauki hoton kowace ɓarna da tef a shimfiɗe kusa da ita, a ba hoton lamba, a sa lambar a kan zanen.

4. Amfanin littafin

A yi wannan dubawa sau biyu a shekara, da bazara kafin ruwa ya sauka, da kaka bayan ya ɗauke. Littafin ya zauna wurin sakataren ekklesiya, a aika da kwafi zuwa ofishin gunduma, domin fasto ya kan tashi wani ya zo.

Idan ana so a ƙara tsayin bango, ko a fasa shi domin faɗaɗa ɗaki, ko a canja rufi, a kai littafin wurin injiniya mai rajista tun ba a sayi bulo ko ɗaya ba. Da awon a gabansa zai san abin da zai zo ya tona ya gani, ya faɗa muku ko tsohon harsashi zai ɗauki sabon nauyi. Littafin kuma ya kan kashe gardama a taron dattawa. Wani yana son fenti, wani yana son tayil, amma idan aka karanta cewa tsagar bangon gabas ta ƙaru cikin wata ɗaya, kowa ya san inda baikon bana zai fara zuwa.

Akwai alamu huɗu da ba a jiran taro dominsu: tsaga tana ƙaruwa, ƙasa tana zubowa daga rufi, itacen rufi ya lanƙwashe, ƙofa ta ƙi rufuwa ba dalili. Idan an ga ɗaya cikinsu a fitar da jama'a ran nan. Iyayenmu na farko cikin bangaskiya a gindin itace suka yi sujada, Ubangiji kuwa ya ji su. Kunyar yin sujada a inuwar ɗorawa ba ta kai baƙin cikin haƙa kabarin yaro ɗaya na makarantar Lahadi ba.

Wanda ya koyi duban bango da gaskiya, ba ya shafa fenti a kan tsaga, ya kamata ya yi wa zuciyarsa da gidansa haka nan a gaban Allah.

Tambayoyi

1. Don me Nehemiya bai faɗa wa shugabanni nufinsa ba sai bayan ya duba garun?
2. Don me firist ya kan rufe gida kwana 7 ya komo?
3. Wa ya san shekarar da aka gina ɗakin sujadarku, da zurfin harsashinsa? An rubuta?
4. Su wa za ku zaɓa su yi dubawa kafin ruwan bana?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba dattawanmu ido mai gani da harshe mai faɗin gaskiya, ka tsare dukan masu taruwa ƙarƙashin rufinmu da na maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu, Amin.