Yadda Za Ku Gyara Rubutun Juna Ba Tare Da An Ɓata Ba

Idan duk wanda ya karanta labarinki "Allah ya ƙara basira" kawai yake cewa, to har yanzu ba ki samu masu karatun da kike buƙata ba. Addu'a tana da daɗi, amma ba za ta gaya miki cewa babi na uku ya yi jan rai ba. Wannan aikin ƙungiya ne, kuma ba sabon abu ba ne a wajenmu. Mudi Sipikin ya jagoranci mawaƙan Hikima Kulob a Kano. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ta haɗa su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba. Ƙungiyar marubutan Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya kafa a 1981, tana da rassa a jihohi. Ke ma za ki iya haɗa taku a unguwa. Ga yadda za ku yi.

1. Ku tsaya a mutum biyar zuwa bakwai. Da kun wuce haka zama ya koma taro, mai kunya kuma ta koma gida da takardunta a jaka.

2. Ku yanke rana ɗaya da ba ta motsi, misali Asabar ɗin farkon wata, daga La'asar zuwa Magariba. Falon ɗayanku ya isa, ko aji a makarantar unguwa.

3. A tura aiki mako guda kafin zama, kuma kada ya wuce shafi biyar. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa kalma 1,000 zuwa 1,500 suna ɗaukar cikakken labari. Ki buga a takarda in da hali, domin alƙalami yana kama abin da ido ke tsallakewa a waya.

4. Marubuciya ta faɗi abin da ke damunta tun farko. "Ku duba min ko hirar Ladi da kishiyarta ta yi kama da ta mutane." Tambaya irin wannan tana hana sharhi yawo.

5. Idan an fara tsokaci a kan aikinki, ki kama bakinki. Wannan shi ne mafi wuya, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan zaman. Za a ce ba a gane dalilin da ya sa tauraruwarki ta bar gidan mijinta ba, ke kuwa amsar tana kan harshenki. Haɗiye ta. Ranar da littafin ya shiga kasuwa ba za ki bi kowane mai saye gida ki yi masa bayani ba. In mutum uku suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, matsalar tana kan takarda. Rubuta abin da suka ce, ki yi godiya. Bayan kowa ya gama sai a ba ki minti biyar na tambaya.

6. Idan ke ce mai tsokaci, ki nuna shafi da layi. "Bai yi daɗi ba" ba ta da amfani ga kowa. Ki ce, "A shafi na biyu kin gaya mana Malam Sani marowaci ne. Da kin bar mu mun gan shi yana ƙirga yankan nama a tukunya, da ba sai kin faɗa ba." Yabo ma haka. Ki faɗi jimlar da ta tsaya miki a rai, domin marubuciyar ta san abin da za ta riƙe. Kuma ki yi magana a kan labarin da ta rubuta, kada ki ɗora mata wanda ke kike so ki rubuta.

7. Ku fara da manyan abubuwa: jigo, zubi da tsari, halayen taurari. Ƙa'idojin rubutu su zo a ƙarshe. Inda aka rubuta "ya na" maimakon "yana", ko "kasa" a wurin "ƙasa", ki ja layi da jan biro ki miƙa mata takardar. Ba sai an ci rabin awa a kai ba.

8. Abin da aka karanta a zama amana ne. Ba a tura shi wani wuri, ba a aron jigonsa. Ku faɗi wannan da baki a rana ta farko, kowa ya ji.

9. Ki bar tsokacin ya kwana biyu kafin ki taɓa rubutun. Ranar farko zafi ne ke karatu. Daga nan ki zaɓi abin da ya dace, ki ajiye sauran, don labarin naki ne. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Wata mai zuwa ki dawo da shafin da kika gyara su gani.

Gobe da safe ki rubuta sunayen mutum huɗu da kika san suna rubutu kuma ba sa tsoron gaya miki gaskiya. Ki kira su, ku sa rana, sannan ki fara miƙa naki shafukan kafin kowa.