Ku Miƙa Hannu a Auna Ku

'Ya'yana, hawan jini ba ya sallama. Magidanci zai yini a gonar shinkafa a Tudun Wada, ko ya ci kasuwar Kwanar Ɗangora ya dawo garau, alhali jininsa ya kai inda zai iya shanye masa ɓarin jiki. Ciwon kai da jirin da muke jira su gaya mana, galibi ba sa zuwa. Awo kaɗai ke faɗa.

Lamba biyu na'urar awon take bayarwa. Ta sama ƙarfin jini ne sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma sa'ad da ta saki. Wajen 120 bisa 80 lafiya lau ne. In ya kai 140 bisa 90, aka sake aunawa wata rana bai sauka ba, to hawan jini ne.

Sai dai awon ma da ladabinsa. Kada ka diro daga kan babur tun daga Riruwai ko Tiga, kana haki, ka miƙa hannu. Je ka yi fitsari, ka zauna minti 5, ka jingina bayanka, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Naɗe hannun rigar, madaurin na'urar ya kwanta a kan fata, ka yi shiru har a gama. Goro da sigari, a bar su rabin awa kafin nan.

Gishiri shi ne babban abin da ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen miya da muke marmasawa a tukunya yana cikin lissafin. Kanwa ma haka. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura masu jego da yawa na zuwa da ciwon zuciya da kumburi, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Iyayenmu da ƙauna suke yi, amma 'yata, a rage kanwar nan. Mai ciki kuwa kada ta yi wasa da zuwa awo. Kumburin fuska da dishi-dishin ido kan rigayi jijjiga.

Ku samari masu shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac kullum bayan aikin gona, shi ma yana ɗaga jini, yana wahalar da ƙoda.

Wanda likita ya ɗora a kan magani, don Allah kada ya ajiye don ya ji sauƙi. Maganin ne ya riƙe jinin. In aka daina, zai sake hawa. In kuɗi ne ya gaza, a gaya wa likitan, akwai masu araha.