Kishiya a Ilmin Halittu

Ɗalibin da ya buɗe littafin bayoloji zai ci karo da kalmar antagonist, wadda galibi akan fassara masa da "abokin gaba". Asalinta daga Girkanci ne, inda take nufin wanda ake karawa da shi a fagen gasa, kamar kokawa. Ke nan ba lalle ne akwai gaba a ciki ba, kuma ɗalibin da ya riƙe gaba a ransa zai fahimci aikin tsoka a baibai.

Tsoka ja kawai take yi, ba ta turawa. Idan mutum ya kai loma baki, tsokar gaban damtse, wato ƙwanji, ita ke tsukewa ta lanƙwasa gwiwar hannu, ta bayan damtse kuwa sai ta saki. In ya tashi tura ƙofa sai su yi musanyar aiki. Kalmar da ta fi dacewa da su ita ce kishiya. Da ma malaman Hausa sukan ce dogo kishiyar gajere ne, ga shi kuma kishiyoyi gida ɗaya suke zaune, suna karɓa-karɓar girki.

Haka sinadaran insulin da gulukagon suke, domin gaɓa ɗaya ke fitar da su, wato fankiriyas da ke bayan tumbi. Bayan cin abinci, insulin kan rage sukarin da ke cikin jini. Lokacin azumi kuwa, gulukagon kan sa hanta ta saki wanda ta ajiye.

Amma fa akwai inda gabar ta gaske ce. A shekarar 1928, a birnin Landan, Alexander Fleming ya lura cewa wata funfuna da ta faɗa cikin farantin gwajinsa ta hallaka bakteriyar da ke kewaye da ita. Daga nan aka samo fenisilin. A nan malami bai yi kuskure ba in ya ce abokin gaba.

Masana magunguna kuma da tasu ma'anar. Maganin naloksan yakan kame gurbin da mofin ke sauka a ƙwayoyin jijiya, ya hana shi aiki, shi ya sa ake ceto wanda mofin ya yi wa yawa da shi. Wannan abokin hamayya ne, domin kujera ɗaya suke nema.