Fitilar da aka liƙe da salatif

Wata Laraba, ranar kasuwar Nima, wayata ta yi ƙara da misalin ƙarfe tara. Wani Alhaji ne mai ƙaramin kamfanin adashi, irin wanda mutanen Ankara ke kira susu, a wani lungu tsakanin Nima da Maamobi. "Malam, don Allah ka zo. Saba ta ƙi tashi, ga mata sun cika min ofis." Yawancin masu zubi a wurinsa 'yan kasuwa ne, masu hatsi da tumatir da masu waakye da koko, sidi goma ko ashirin kullum, wasu suna tara kuɗin makarantar yara, wasu na kujerar Makka.

Na tarar da sabar a ƙarƙashin teburin kashiya, kusa da kwandon shara, an jona ta a ekstenshan ɗaya da firjin ruwan leda. Faifai huɗu, RAID 5. Idona ya fara sauka a kan baƙin salatif da aka liƙa a jikin gurbi na biyu. Na ɓamɓare, sai ga fitila ruwan goro tana ƙyaftawa. Na tambayi yarinyar da ke kan kuɗi, ta ce, "Ai ta daɗe a haka, Malam. Da har kuka take yi. Yaron da ya haɗa mana ne ya zo ya kashe ƙarar, ya ce irinta ce mai surutu."

Mai surutu!

Log ya nuna faifan farko ya fita daga layi wata bakwai da suka wuce. Wata bakwai na'ura tana ɗingishi, tana roƙon a dube ta. Daren Talata aka ɗauke wuta, ta dawo da ƙarfi, batirin UPS kuwa ya kumbura kamar burodi tun ba yau ba, faifai na biyu ya bi na farko. Na duba SMART na biyun da suka rage: kowanne ya haura awa 50,000 yana juyawa, kusan shekara shida ke nan, alhali a rasidin da Alhaji ya ciro daga aljihun tebur an rubuta sababbi. Gwanjo ne daga kasuwar Circle. Ni ma ina sayen kaya a can, ba laifi ba ne, amma ina gwadawa, kuma ba na kiran tsoho sabo.

Na ce ina bakof? Alhaji ya yi murmushin mai shiri, ya ce akwai. Folda ce mai suna BACKUP, a cikin faifan da suka mutu.

Ba wannan ne ya fi ƙona min rai ba. Ina durƙushe ina warware waya, sai Alhaji ya ce, "Yaron ya ce in na sayi sabuwar Windows Server shi ke nan, wai tana da kulasta, ba ta mutuwa, kuma tana duba lafiyar kanta. Nawa za ta ci?" Wato wanda ya toshe bakin na'urar shi ne ya dawo zai sayar masa da mai baki biyu.

Gaskiya akwai abubuwan. Tun Windows Server 2016 aka kawo Storage Spaces Direct, saba biyu har zuwa goma sha shida su haɗa faifansu su zama rumbu ɗaya, tare da Health Service da zai gaya maka wane faifai ne ya lalace, a wace saba, a wane gurbi, da abin da za ka yi. Ta 2019 ta ƙara System Insights, mai hasashen lokacin da wuri zai cika, ta kuma yarda kulasta mai saba biyu ta yi shaida da filashi a jikin rawuta, abin da ya dace da ƙananan ofisoshi irin namu. Storage Replica ma ya sauko bugun Standard, amma rumbu ɗaya kawai, bai wuce TB 2 ba. Ta 2025, wadda ta fito a Nuwamban 2024, ta zo da ƙarin gudu a kan NVMe, kuma kowane bugu mai zuwa da nasa alƙawarin. Ina son su, da su nake cin abinci. Sai dai Storage Spaces Direct na bugun Datacenter ne, lasisinsa kaɗai zai cinye ribar Alhaji ta dogon lokaci, kuma na san abin da yaron zai sa masa: kwafin sata, an fasa shi da wata manhaja da ba wanda ya san abin da ta shigo da shi. Saba biyu a ɗaki ɗaya, a soket ɗaya, wuta ɗaya ce za ta kwantar da su. Wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar 2015, ya ga ruwan 3 ga Yuni na shekarar, ya san yadda babbar kwatar Nima ke tumbatsa, bai kamata a yi masa wannan bayani ba. Ɗaga saba daga ƙasa, jama'a.

RAID ba bakof ba ne. Kulasta ba bakof ba ce, abin da ka goge a nan ta goge a can. Bakof ɗin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ka ɗauka babu shi. Gargaɗin da ba ya zuwa wayar wani mutum mai suna, wanda aikinsa ne ya tashi ya duba, ihu ne a daji.

Kuma kar a kashe ƙara. Kar a liƙe fitila. In mai gyaranka ya ce ƙyale ta, nemi wani ya duba a ranar. Ku daina bai wa duk wanda ya iya sa Windows a laftof amanar saba don yana ɗan unguwa ko don nasa da araha. Sabar Alhaji 2012 R2 ce, Microsoft ta daina ba ta faci tun 10 ga Oktoba 2023. Masu 2016 ku ma naku na ƙarewa a Janairun 2027. Batirin UPS ba gado ba ne, ana canza shi. Kwafi ɗaya ya riƙa kwana a wani gida, a ɓoye shi da makulli, domin dokar kare bayanai ta Ghana, Act 843 ta 2012, ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su. Kuma na sake faɗa, kar a kashe ƙara.

Mun kai faifan wurin masu ceto bayanai, aka samo wani ɓangare, na watannin baya-bayan nan kuwa ya tafi. Sati uku muna zaune da kashiya muna sake shigar da lissafi daga katunan zubi da mata ke kawowa, ɗaya bayan ɗaya. Wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta kwance nata daga bakin zane, ruwan sama ya taɓa shi, tawada ta narke, shafi biyu ba sa karantuwa. Ta miƙo min ta ce, "Ɗana, ai an ce komai yana cikin kwamfuta." Na ce, "Hajiya, zauna tukuna." Alhaji ya biya ta a kan abin da ta tuna, ita kuma ta rage adadin da kanta, wai kada ta ci haƙƙin wani.