Amsoshin Tambayoyinku: Likitocinmu da Karatun Waje

Malam Habu daga Icirnawa, yankin Matamaye, yana tambaya: shin haɗin gwiwar horar da likitoci da ƙasashen waje ba shi ke kwashe mana su ba?

Mun gode, Malam Habu. Ya danganta da inda ake horon. In malamin waje ne ya zo Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ɗalibi zai ƙware kan zazzaɓin cizon sauro da tamowar yaranmu, ya yi aure a gida, ya kafu. Za ka ce wata ƙwarewar sai an je Dakar ko Maroko. Haka ne, a je. Amma likitan da ya dawo ya tarar gwamnati ba ta ɗaukar aiki, ɗakin tiyata ba lantarki, takardar alkawarin yin aiki a gida ba za ta riƙe shi ba.