Ɗaukewar Haila a Tsakanin 'Yan Mata Masu Wasannin Motsa Jiki: Nazari a Kan Cimaka da Nauyin Jiki da Ƙwarin Ƙashi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dangantakar da ke tsakanin abinci da nauyin jiki da jinin haila a wajen 'yan mata masu wasannin motsa jiki. An bi sawun yadda masana kiwon lafiya suka fahimci matsalar daga shekarun 1970 zuwa yau, aka ɗauki abin da ya sami 'yar tseren Amurka, Mary Cain, a matsayin misali. Maƙalar ta tsaya a kan cewa ɗaukewar haila ga budurwa mai atisaye alama ce ta yunwar da jiki yake ciki, kuma ƙashi ne yake biyan bashin. An kuma duba yadda harshe da al'ada suke taimakawa wajen ɓoye matsalar.

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 2019 jaridar New York Times ta fitar da wani gajeren bidiyo da ya girgiza duniyar wasannin tsere. Mai magana a cikinsa ita ce Mary Cain, wadda tun tana 'yar shekara 17 ta kai zagayen ƙarshe na tseren mita 1,500 a gasar duniya da aka yi a Mosko a 2013, ta kuma lashe tseren mita 3,000 na matasan duniya a 2014. A daidai wannan lokaci ne ta shiga sansanin horarwa na kamfanin Nike da ke jihar Oregon, ƙarƙashin kocinta Alberto Salazar. Abin da ta bayyana shi ne, masu horar da ita, waɗanda dukkansu maza ne, sun ɗora mata wani nauyi da suke so ta tsaya a kai, wato kimanin kilo 52, ana auna ta a gaban abokan wasa, ana kunyata ta idan sikeli bai nuna abin da ake so ba. Ta ce hailarta ta ɗauke har tsawon shekara uku, ƙasusuwa biyar suka karye a jikinta, ta kai ga tunanin halaka kanta. Salazar ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen, amma wasu tsofaffin 'yan sansanin sun fito sun mara mata baya, kuma a 2021 hukumar da ke kare lafiyar 'yan wasa a Amurka ta haramta masa aikin horarwa har abada.

Labarin Cain ya shahara ne saboda sunanta da sunan kamfanin. Ita kanta cutar tsohuwa ce, masana sun daɗe da saninta.

2.0 Daga Hasashen Kitse Zuwa Lissafin Kuzari

A farkon shekarun 1970, Rose Frisch ta Jami'ar Harvard ta gabatar da hasashen cewa akwai wani adadin kitse da jikin mace yake buƙata kafin haila ta fara, wato kimanin kashi 17 cikin ɗari na nauyin jiki, sannan kimanin kashi 22 kafin ta ɗore. Hasashen ya karɓu domin yana da sauƙin fahimta, kuma ido yana ganin cewa 'yan tsere da masu rawar bale ramammu ne. Sai dai an yi ta samun 'yan wasa sirara masu yin hailarsu kan kari, da kuma masu jiki waɗanda tasu ta ɗauke. Wasu suka ɗora laifin a kan wahalar atisayen kanta.

Binciken Anne Loucks ta Jami'ar Ohio ne ya warware wannan ƙulli. Ta rarrabe tsakanin atisaye da yunwar da atisaye yake haifarwa. A gwaje-gwajenta, matan da aka sa su motsa jiki sosai amma aka mayar musu da abin da suka ƙona ta hanyar abinci, tsarin sinadaran haihuwarsu bai rikice ba. Waɗanda aka rage wa abinci kuwa, cikin kwana biyar kacal aka ga canji. Daga nan ma'aunin da ake kira wadatar kuzari ya samu gindin zama: a ɗauki kalorin da mutum ya ci a yini, a cire wanda ya ƙona a wajen atisaye, a raba abin da ya rage da nauyin jikinsa ban da kitse. Idan sakamakon ya kai 45 ga kowane kilo, jiki yana cikin wadata. Idan ya yi ƙasa da 30, an shiga haɗari.

Misali zai fi fito da abin fili. Budurwa mai nauyin kilo 55, wadda kashi 20 cikin ɗari na jikinta kitse ne, tana da kilo 44 na tsoka da ƙashi da sauran gaɓoɓi. Idan ta ci kalori 2,000 a yini, ta ƙona 800 a fili, saura 1,200. Idan aka raba 1,200 da 44, za a sami kusan 27. Ke nan tana ƙasa da iyaka, alhali ta ci abincin da zai ishi 'yar'uwarta da ke zaune a gida. Kafin ta kai ga 45 sai ta ci kusan kalori 2,800. Masana na baya-bayan nan suna jan hankali cewa adadin 30 ba katanga ba ce da kowa yake faɗuwa a bayanta lokaci ɗaya, domin jiki ya bambanta, amma alkiblar lissafin ba ta canza ba.

Abin da ke faruwa a ciki kuwa tsimi ne irin na maigida da rumbu ya yi wa ƙasa. Wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas shi yake aika saƙo a kai a kai zuwa ga ƙullin fituwitari, shi kuma ya aika zuwa ma'ajiyar ƙwai. Idan kuzari ya yi ƙaranci, sai haifotalamas ya rage aika saƙon, domin ɗaukar ciki aiki ne mai tsada da jiki mai yunwa ba zai iya ba. Ƙwai ya daina fita, sinadarin istirojin ya ragu, haila ta riƙa jinkiri, daga baya ta ɗauke. Bugun zuciya yana raguwa, jin sanyi yana yawaita, narkewar abinci tana yin nawa. Wani abin mamaki shi ne nauyin jiki yana iya tsayawa cak ba tare da ya ragu ba, saboda jiki ya rage abin da yake kashewa. Saboda haka sikeli, wanda masu horarwa suka fi dogara da shi, shi ne mafi raunin shaida a wannan shari'a.

3.0 Bashin da Ƙashi Yake Biya

A 1984 Barbara Drinkwater da abokan aikinta suka kwatanta 'yan wasa 14 da hailarsu ta ɗauke da wasu 14 masu yin haila. Suka tarar cewa ƙashin bayan rukunin farko, waɗanda shekarunsu suke wajen 25, ya yi daidai da na matan da suka kai shekara 51. Wannan sakamako ne ya sa likitoci suka daina kallon ɗaukewar haila a matsayin ƙaramin abu.

Dalilin da ya sa abin ya fi muni ga 'yan mata shi ne lokaci. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙwarin ƙashin da mace za ta rayu da shi tana tara shi ne kafin ta wuce shekara 18. Istirojin yana hana zaizayar ƙashi, abinci kuma yana ba da kayan gini. Yarinyar da ta rasa duka biyun tsakanin shekara 14 da 18 ta rasa damina guda da ba ta dawowa. Ko da haila ta dawo daga baya, ƙashin yana farfaɗowa, amma ba lallai ne ya cim ma na tsararta ba. Alamar farko ita ce tsagewar ƙashi a ƙwauri ko tafin ƙafa ko ƙugu ba tare da faɗuwa ko karo ba, irin abin da Cain ta bayyana.

A 1992 Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta haɗa abubuwan uku ƙarƙashin suna ɗaya, wato matsala mai rassa uku: rikicewar cin abinci, da ɗaukewar haila, da lalacewar ƙashi. Ta fitar da matsayarta a rubuce a 1997, ta sabunta a 2007 inda ta maye gurbin reshe na farko da ƙarancin kuzari, ko da cutar ƙin abinci ko babu. Wannan gyara yana da muhimmanci ƙwarai. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya faɗaɗa batun da sunan RED-S, ya shigar da maza, ya kuma lissafa illolin da suka shafi zuciya da garkuwar jiki da tunani. An sake bitar matsayar a 2018 da 2023.

Tsakanin waɗannan shekaru an yi asarar rayuka. Christy Henrich, 'yar wasan jimnastik ta Amurka, ta ce wani alƙalin wasa ya gaya mata a ƙarshen shekarun 1980 cewa ta yi ƙiba. Ta rasu a watan Yulin 1994 tana da shekara 22, bayan nauyinta ya yi ƙasa da kilo 30. A 1997 hukumar jimnastik ta duniya ta ɗaga shekarun shiga gasar manya zuwa 16.

Wasannin da ake raba 'yan wasa bisa nauyi, irin su kokawa da damben zamani da takwando da judo, suna da nasu salon matsalar, wato zubar da kiloli cikin 'yan kwanaki ta hanyar ƙin ci da ƙin sha. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 an kori 'yar kokawar Indiya Vinesh Phogat daga wasan ƙarshe na ajin kilo 50 saboda giram 100, bayan ta kwana tana ƙoƙarin rage su. Ita babba ce mai tawagar likitoci. Yarinya 'yar shekara 15 da take kwaikwayon wannan dabara ba ta da kowa.

4.0 Jini da Sinadarin Ƙarfe

Wadda hailarta ba ta ɗauke ba ma tana da nata lissafin. Mace tana zubar da kimanin mililita 30 zuwa 40 na jini a kowace haila, idan ya haura 80 ana ɗaukarsa mai yawa. Ga 'yar tsere akwai ƙarin asara ta hanyar gumi da fashewar ƙwayoyin jini a tafin ƙafa, sannan sinadarin hefsidin yana hauhawa sa'o'i kaɗan bayan atisaye ya rage shigar ƙarfe daga hanji. Abin da ake so yarinya 'yar shekara 14 zuwa 18 ta samu a yini shi ne miligiram 15 na ƙarfe da miligiram 1,300 na kalsiyam. Hanta da jan nama da kifi sun fi ba da ƙarfen da jiki yake karɓa cikin sauƙi. Na wake da gero da ganyaye irin su zogale yana ƙara shiga idan an haɗa da lemo ko gwaba ko tumatir, shayi kuwa yana tare shi idan an sha tare da abinci. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, don haka 'yar wasa a wannan ƙasa takan fara tseren ne da bashi a kanta.

5.0 Harshe da Shiru

A ƙasashen Turai da Amurka an fi danganta matsalar da son siranta. Kuskure ne a ɗauka cewa al'ummar da ba ta ɗauki rama a matsayin kyau ba ta tsira. Gyaran da aka yi a 2007 ya nuna yunwar jiki ba ta tambayar dalili. Yarinyar da take fita atisaye da asuba ba ta karya ba, ta wuce makaranta, ta dawo ta tarar da kwano ɗaya da ƙannenta, tana iya faɗawa ƙasa da 30 ba tare da ta taɓa tunanin sikeli ba.

A nan ne masu nazarin Hausa suke da abin cewa. Harshen yana da wadatar kalmomi game da zuwan jini: haila, al'ada, ganin wata, fashin salla. Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaure, irin su Ahlari da Risala, sun yi bayanin kwanakinsa da hukuncin wanda ya zarce, wato istihala. Ɗaukewarsa ga budurwa kuwa ba shi da wani suna na musamman a bakin jama'a, kuma fassara ɗaya ce take fara zuwa zuciyar mai ji, wato ciki. Yarinyar da iyayenta suka bar ta ta shiga wasa da ƙyar ba za ta buɗe baki ta ce wata huɗu ba ta ga al'ada ba, domin ta san abin da za a zarga, ta kuma san wasan ne zai fara tafiya. Wata ma murna take yi, ta huta da ciwon mara da neman ƙunzugu ranar gasa. Kocinta, wanda galibi namiji ne, kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. Wannan shiru ba na Hausawa kaɗai ba ne: sai a 2016 duniya ta yi ta mamaki don 'yar ninƙayar Sin, Fu Yuanhui, ta faɗa a talabijin cewa haila ce ta rage mata ƙarfi, kuma sai a 2023 gasar Wimbledon ta yarda mata su sa gajeren wando mai duhu a ƙarƙashin fararen kaya.

Ƙa'idar likitoci a bayyane take. Yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta fara haila ba, ko wadda ta fara sannan ta yi wata uku ba ta gani ba, ko wadda tsakanin hailarta yake wuce kwana 45, tana buƙatar a duba ta, a kore ciki da cutar maƙoƙo da sauran dalilai kafin a ɗora wa atisaye. Magani na farko abinci ne, ƙarin kalori 300 zuwa 600 a yini tare da rage atisaye, kuma dawowar hailar tana iya ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. Ƙwayoyin tsarin iyali da wasu suke bayarwa don a ga jini suna ɓoye matsalar ne, domin jinin da suke kawowa ba shaida ba ce cewa ƙwai ya fita, kuma ba sa mayar da ƙashin da ya zaizaye. Shi ya sa ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 kan amfani da su don wannan manufa kaɗai. Tambayar da ta fi sikeli amfani ita ce yaushe aka ga haila ta ƙarshe, kuma wadda ta dace ta yi ta ita ce malama ko ma'aikaciyar jinya ko uwa, a keɓe, cikin lafazin da yarinya ba za ta ji ana tuhumarta ba.