Darasi na Bakwai: Nauyin da Ya Fi Ƙarfin Mutum Ɗaya

Kafin a soma, mai bi da darasi ya sa wani ya karanta Fitowa sura 18, daga aya 13 zuwa 26, da murya a hankali, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji su riƙe.

'Yan'uwa, kun san abin da ya sami ƙasar nan. Tun daga 2021 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a wajen Mariga da Magama da Rijau, mutane suka bar gonaki da rumbuna suka gudo Kontagora. A cikinsu akwai jama'ar ikilisiyoyi biyu da na sani. Ta fari tana da pasto mai himma ƙwarai: shi ke wa'azi, shi ke riƙe mabuɗi, shi ke ajiye baiko, shi ke sulhunta miji da mata. Sa'ad da gudu ya kai shi wani gari dabam, jama'arsa suka watse kamar 'yan tsaki sun ga shirwa. Ta biyu kuwa, ran Lahadi na fari bayan gudun, suka taru a zauren wani ɗan'uwa. Wani dattijo ya bi da sujada, wani saurayi ya yi karatu, shugabar zumuntar mata ta ƙidaya gidaje ta tarar iyali biyu ba su iso ba, aka tashi mutum ya neme su. Su ma pastonsu ba ya nan. Kada kowa ya ce na farin sun gaza wajen bangaskiya, gama na san su. Bambancin yana cikin yadda aka shirya aikin tun ana zaune lafiya.

Wannan ne abin da Yetro, surukin Musa, ya gani a jeji. Ya tarar da Musa yana shari'a wuni guda cur, jama'a na tsaye suna jira. Musa ba rago ba ne, ba kuwa mai son girma ba. Mutane ke zuwa wurinsa, shi kuwa ba ya iya korarsu. Amma Yetro ya nuna masa wannan hali zai cinye shi, ya cinye jama'ar kuma, gama mai ƙaramar ƙara da ya gaji da jira zai koma gida da fushinsa. Sai ya ba shi shawara ya zaɓi mutane masu iyawa, masu tsoron Allah, waɗanda toshi ba ya juya su, ya sa su bisa dubu dubu, da ɗari ɗari, da hamsin hamsin, da goma goma. Musa ya riƙe koyarwa da manyan matsaloli, sauran ya sake.

Bari mu yi lissafi. Fitowa sura 12 ta ce mazajen da suka fito Masar wajen 600,000 ne. In aka bi shawarar Yetro sosai, za a sami shugabannin dubu 600, na ɗari 6,000, na hamsin 12,000, na goma 60,000, jimla 78,600. Jiya mutum ɗaya ke yanke magana, yau an sami wannan taro duka suna koyon yanke ta. A ganina mafi amfani cikinsu shi ne shugaban goma, wanda ba a ambaci sunansa ko ɗaya ba. Shi ya san gidan da hatsi ya ƙare, da gidan da a ke faɗa. Masu binciken sha'anin mulki a zamaninmu sun iso kusa da wannan: wani Bature ɗan Ingila, Lyndall Urwick, ya koyar cewa shugaba ba ya iya lura sosai da fiye da mutum biyar ko shida waɗanda aikinsu ke haɗe da juna.

Mu masu fassara mukan yi gardama a kan kalmar Ibrananci da ke cikin wannan sura, ko a ce sarki, ko hakimi, ko shugaba. Ni na fi son shugaba, gama a cikinta ana jin gaba, watau mutumin da ke kan hanya ɗaya da jama'arsa. Tsofaffin ƙasar nan sun san irin wannan. Kafin zuwan jirgin ƙasa, fataken goro sukan tashi daga Kano su ratsa wannan yanki, su haye Kwara wajen Yawuri, su bi ta Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, da ɗaruruwan mutane da jakuna. Madugu shi ne uban tafiya, duk da haka yana da jagaba mai duba hanya da zango, da uban dawaki mai tattara kuɗin fito, da malamin ayari mai rubutu. Yaron da zai zama madugu wata rana yana cikin ayarin shekara da shekaru yana kallo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, fatake kuwa sun sani dukiyarsu da rayukansu na rataye a kan haka.

Wani masani Bajamushe, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya raba iko kashi uku: na gado, da na baiwa, da na ƙa'ida. Yawancin ikilisiyoyin ƙauye mai baiwa ne ya kafa su, mutum ɗaya da ya zo da keke da Littafi, aka bi shi domin halinsa. Amma baiwa ba a gadonta. In ba a zuba ta cikin ƙa'ida tun mai ita yana da rai ba, ranar jana'izarsa a ke fara rabuwa. Na ji wasu suna cewa ƙa'ida tana kashe ruhu, kuma gaskiya ne akwai majalisun da ba su haifar kome sai wani taron. Amma ku duba Ayyukan Manzanni sura 6: gunaguni a kan rabon abincin gwauraye bai ƙare ba sai da jama'a da kansu suka zaɓi mutum bakwai, bayan haka almajirai suka ƙaru.

A nan dole in faɗi laifinmu, mu 'yan mishan. Henry Venn, magatakardan C.M.S. a London daga 1841, ya koyar cewa ikilisiya ta kafu ne sa'ad da ta ke mulkin kanta, tana ɗaukar nauyin kanta, tana kuma kai bishara da kanta. Da ƙoƙarinsa aka keɓe Samuel Ajayi Crowther ya zama bishop a 1864. Amma a 1890 wasu samarin Turawa suka dakatar da ma'aikatansa a gaban idonsa, tsohon ya rasu a ƙarshen 1891, aka ba Bature kujerarsa. Sai da aka yi shekara wajen 60 kafin ɗan ƙasa ya sake riƙe diyosis na Angilikan a Nijeriya. An ba da nauyi da hannun dama, aka karɓe da hagu. Inda aka yi daidai kuwa amfanin yana nan. A. W. Banfield ya soma aiki a Tsonga ta ƙasar Nufe a 1905, aikin ya bazu har Salka da Zuru da Tungan Magajiya. Abin da ya riƙe shi bayan tafiyar Turawa shi ne masu bishara da aka koyar da Hausa a makarantar Salka, su ne ƙashin bayan U.M.C.A. a wannan yanki. Haka S.I.M. ta ga kafuwar E.C.W.A. a 1954, amma ba ta miƙa mata ragowar aikin ba sai 1976. Shekara 22 ke nan. Pasto ko dattijon da ke cewa yaransa ba su isa ba tukuna, ya sani mu ma haka muka riƙa faɗi.

Saura maganar kuɗi, inda sakin nauyi ya fi wuya. A 2 Korantiyawa sura 8 Bulus yana tattara gudummawa domin matalautan Urushalima. Manzo ne, ba wanda ya isa ya tuhume shi, duk da haka bai yarda kuɗin ya bi ta hannunsa shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. Saboda haka mutum biyu su ƙidaya baiko kafin a fita ɗakin sujada, su rubuta a littafi, su sa hannu. Ma'aji kada ya zama ɗan gidan pasto. A karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata uku. Takardar fili ta kasance da sunan ikilisiya, gama na taɓa ganin 'ya'yan wani mai bishara nagari sun sa ɗakin sujada cikin gādon ubansu, kuma bisa takarda su ke da gaskiya.

Kafin taro mai zuwa, kowace ƙungiya ta ɗauki takarda ta rubuta ayyukan ikilisiyarta duka, tun daga wa'azi har shara da gaishe da marasa lafiya. A gefen kowane aiki a sa sunan mai yinsa, a gaba kuma sunan wanda zai iya yinsa ran Lahadi mai zuwa in na farin ba ya nan. Ku ƙidaya sau nawa suna ɗaya ya fito, ku ja layi a ƙarƙashin wuraren da ba a sami suna na biyu ba. Ku zo da takardar, da ita za mu buɗe darasi na takwas.